Fuskar Kaki ta Attajirin Minagi

Sahei ɗan masu kyandir ne, daga wani gari da ake kira Minagi, can cikin duwatsun tsibirin Shikoku. A gidansu da hannu ake yin kyandir. A narka kakin itace a tukunya, a tsoma tafin hannu a ciki da sauran ɗuminsa, a shafa wa lagwani ana murzawa, a bari ya sha iska, a sake shafawa, har ya yi kauri. Haka mahaifinsa ya tarar, haka ya koya wa 'ya'yansa biyu. Amma ko shi tsohon ya yarda hannun Oshino, yayar Sahei, ya fi na kowa a gidan. Kyandir ɗinta ba ya ɗiga, ba ya hayaƙi. Saboda ita ne haikalin kan tudu bai taɓa sayen kyandir a wani gida ba.

Itacen da ake samun kakin daga 'ya'yansa yana da hali. In ruwansa ya taɓa fatar mutum, ƙuraje sukan feso, su yi ƙaiƙayi, su wuce. Babu yaron Minagi da bai san wannan ba. Wata shekara da kaka, Oshino ta taya tsinkar 'ya'yan, ƙurajen suka kama ta a hannu da wuya. Nata sun daɗe fiye da yadda aka saba, suka bar mata tabo fari-fari.

A lokacin, mai babbar farfajiyar shanya kaki a garin shi ne Bunzaemon. Mutum ne mai ma'aikata da yawa da babbar murya. Ya fara zuba kyandir a mazuban katako, ɗari-ɗari a wuni, kuma ya daɗe yana hangen cinikin haikali. Ranar wata addu'ar tunawa da matattu, ana zaune ana shan giyar shinkafa, ya karkata wajen malamin haikalin, ya ce da murya wadda ba ta yi ƙasa sosai ba, "Ni dai ba likita ba ne, Malam. Amma da ni ne, da na dubi hannun da ke murza abin da nake kunnawa a wuri mai tsarki."

Bai ambaci kuturta ba. Mutanen gari ne suka ƙarasa masa.

A ƙasar, a wancan zamani, ba a ɗaukar kuturta ciwon mutum ɗaya. Ta jini ce a wurinsu, ta gida ce gaba ɗaya, har da waɗanda ba a haifa ba. Haikali ya daina aiko da saƙo. Mai gidan wanka ya tare Oshino a bakin ƙofa ya ce ruwa ya ƙare. Matan unguwa suka koma ɗiban ruwa a rijiyar da ta fi nisa. Daga baya dattawa suka zo suka zauna da mahaifin, suka sha shayinsu a kofunan da suka taho da su daga gida, suka tuna masa abin da gidajen mutunci suke yi in irin wannan ta same su. A ɗinka wa mai ciwon fararen kayan masu ziyara, a ba shi malafa da sanda, ya kama hanyar da ke zagaye tsibirin daga haikali zuwa haikali. Hanyar da'ira ce, ba ta da ƙarshe, kuma kowa ya san ba a sa ran dawowar wanda aka sallama ta haka.

Sahei yana da shekara goma sha tara. Shi ya raka ta har gada.

"Ka daina wannan fuskar, kamar wanda aka hana abincin rana," in ji ta. "Kuma ka riƙa rage wutar tukunya. Hannunka kamar na mai faskare, kullum kakinka sai ya yi ƙauri."

"Yaya, ƙurajen itace ne. Kowa ya sani."

"To ai shi ya sa zan dawo. Kai dai ka kula da Baba."

A hunturu na biyu wani mai tallan magunguna ya kawo labari. An tsince ta a gefen hanya a wata gangara, mutanen ƙauyen suka binne ta a wurin, suka kafa sandarta a kan kabarin. Mai tallan yana cikin waɗanda suka ɗauke ta. Da Sahei ya tambaye shi hannayenta, sai ya yi mamakin tambayar. Ya ce hannaye ne kamar na kowa, sumul, sai dai sanyi da ya farfasa su.

Sallamar ba ta ceci gidan ba. Ba wanda ya dawo sayen kyandir. Mahaifin bai kai bazara ba. Sahei ya rufe gidan, ya shiga jirgin ruwa, ya ƙetare zuwa babban birnin da ke hayi.

Ya yi dako, ya yi wankin kwalabe, daga ƙarshe ya samu aikin hura wuta a wata makarantar koyon likitanci. A ƙarshen wani dogon baranda akwai ɗakin wani tsoho mai suna Genzo, wanda aikinsa zuba cututtuka a kaki. Ciwon fata ba ya jiran ɗalibi. Yau mai shi yana nan, gobe ya warke ko ya mutu, hoto kuma ba shi da launi. Don haka sai a kwaɓa farar ƙasa a shafa a inda ciwon yake, fuska ce ko hannu ko baya, in ta sandare a ɗaga ta, ta zama mazubi. A zuba kaki a ciki. Sa'an nan mai aikin ya zauna kusa da gadon majinyacin kwana da kwanaki yana shafa launi, yana duban fata yana duban kaki, har sai an rasa bambanci. A lulluɓe gefen da farin ƙyalle, a kafa a kan baƙin katako, a manna ɗan allo mai sunan ciwon da baƙaƙen Turawa, a sa a bayan gilashi. Ɗalibai su yi ta koyo a kai shekara da shekaru.

Genzo ya ga yadda mai hura wutar yake gwada zafin kaki da bayan yatsa, ya ce ya zauna. Ba ya koyarwa da baki, sai dai a kalla. Doka ɗaya kawai ya faɗa da bakinsa, ita ma sau ɗaya. In fuska ce, kafin a sa launi, sai a canza ta. A rage haɓa, a kankare tabon yaranta, a karkata gira. "Ciwon muka roƙa a wurinsu," in ji shi. "Ba su ba mu fuskar ba. Suna da dangi."

Da tsohon ya rasu, ɗakin ya zama na Sahei. Ya auri Otane, 'yar mai shagon taliya na bakin makaranta, mace mai bakin da ba ya hutawa, wadda ta ce ta aure shi ne don a samu wanda zai riƙa sauraro a gidan. Ita kaɗai ta san labarin Minagi. Ya faɗa mata sau ɗaya, bai sake ba. Ya zuba fuskoki masu yawa, na kutare ma a ciki, kuma babu wadda bai canza ba.

Ya riga ya fara furfura ranar da babban likita ya aiko a kira shi ɗakin masu ciwon fata.

"Na samo maka wani irin wanda ba kullum ake samu ba," in ji likitan, yana murza hannu. "Tunjere ne, ciwon nan na bin mata, da ya tsufa, ya ci gefen hanci ya hau goshi. Ka ɗauke min shi kafin allura ta ɓata mana."

Sunan da aka rubuta a jikin gadon ba wanda Sahei ya sani ba ne. Amma tun daga baranda Sahei ya ji muryar tana faɗa da ma'aikaciyar jinya a kan shayi ya huce. Da ya shiga, ga girar hagu da ta rabe biyu tun faɗuwar ƙuruciya, ga tawadar Allah a kumatu mai dogayen gashi da mai ita bai taɓa yankewa ba don yana ganin sa'arsa ce. Bunzaemon ya ƙetaro teku ne don kada wanda ya sani ya gan shi.

"Kai ne mai laɓta wa mutane laka a fuska?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To ka bi a hankali, ba tukunya kake ginawa ba." Ya ɗan rage murya. "Ba wanda zai gane ni, ko? Likita ya ce kuna canzawa."

"Haka al'adarmu take, ranka ya daɗe."

Ya shafa masa mai. Ya ɗan rage masa gashin gira da almakashi, ya tara a takarda. Ya sa masa sillen gora biyu a hanci, ya ce ya rufe ido, ya fara ɗora farar ƙasar, har fuskar ta ɓace gaba ɗaya, babu abin da ya rage na mutumin sai iskar da ke shiga da fita ta bakin gora. Babban yatsan Sahei ya daɗe a kusa da wurin. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗauka numfashi yake gwadawa. Da ƙasar ta sandare, ya ɗaga ta a hankali, kamar yadda ya saba.

Kwanakin shafa launi ya fi kowane aiki da ya taɓa yi daɗewa a kansu. Bunzaemon mutum ne da ba ya iya zama shiru. Ya ba shi labarin farfajiyarsa, da ma'aikatansa malalata, da 'yarsa Fusae wadda ta zo masa a tsufa, wadda saboda ita ya zo neman magani, don in ta isa aure gidan da yake hange ba ƙaramin gida ba ne. Wata rana ya shinshina tukunyar.

"Wannan kakin naku gauraye ne. Ka san kaki kuwa, kai?"

"Na ɗan taɓa."

"Ku mutanen birni! A garinmu akwai wani gida da suke murza kyandir da tafin hannu, irin na kakanni. Kai, kyandir ke nan. Sun watse."

"Me ya watsa su?"

"Oho. Rashin lafiya, ina ji. An daɗe. Na ma manta sunansu."

Sahei ya tsoma burushi a ja, ya ci gaba.

Ranar da ya gama, ya dasa gashin girar ɗaya bayan ɗaya da allura mai zafi, gashin mai ita, ya bar rabewar yadda take. Ya dasa na tawadar. Bai rage haɓa ba, bai kankare komai ba. Babban likita ya zo ya duƙa a kan hancin ya daɗe yana yabo. Shi ciwo yake kallo, kuma majinyacin ya riga ya koma gida.

Otane ce ta gani, ranar da ta kawo masa abinci.

"Wannan fa kamar zai buɗe ido ya nemi shayi. Ina canjin?"

"Ban samu lokaci ba."

"Kai ne ba ka samu lokaci ba? Kai da in ka zauna kan farce ɗaya sai shinkafa ta yi sanyi?" Ta dube shi, ta sake duban fuskar, ta ajiye kwanon a hankali. "Shi ne?"

Ya ɗauki tsinken cin abinci.

Fuskar ta shekara biyu ko uku a bayan gilashi. A zamanin, 'yan sanda da hukumar lafiya sukan zagaya gari-gari da nunin tsafta. A ari kayan kaki daga makarantun likitanci, a jera a zaure, mutane su yi layi kamar ranar biki, su shiga su tsorata, su fito suna ba da labari. Kaki yana tsagewa a sanyi, yana laushi a zafi, don haka wanda ya zuba kayan kan bi akwatunan, kuma shi yake zaɓar abin da zai iya jure hanya. Sahei bai taɓa son wannan tafiya ba. Shekarar da aka ce nunin zai ƙetare zuwa Shikoku, ya ratsa garuruwan cikin duwatsu, shi ya je da kansa ya ce zai bi.

Otane tana ninke masa kaya, ba ta dube shi ba.

"Ka ce yana da 'ya."

"Yana da ita."

"Me ta yi maka?"

"Oshino me ta yi masa?"

"Ba Oshino na tambaye ka ba, maigida. Ka ji abin da na tambaya." Ta cusa safa a jakar da ƙarfi. "Kuma me za ka samu? Tunjere ne fa. Maza 'yan uwanka za su ƙyafta ido su ce tsoho ya sha duniya. Kwana biyu an manta."

Gaskiya ta faɗa, kuma ya riga ta tunanin. Ga namiji mai dukiya, tunjere abin dariyar wurin shan giya ne. Ba ya hana ciniki, ba ya hana a auri 'yar mutum.

"Na sani," in ji shi.

A Minagi an ba su zauren makarantar yara. Ba wanda ya gane shi. Tun a masauki ya ji cewa Bunzaemon ya daina fita sai da ƙyalle a fuska, wai tafasasshen kaki ne ya fallatsar masa, kuma an kai kayan baikon Fusae daga gidan masu gonakin shayi, biki bayan girbi.

Ya jera teburan da kansa. Na haƙora a bakin ƙofa, sai na idanu, sai na ƙuraje. Na tunjere ya tafi a jikin bango har kusurwa. Na kuturta ya taso daga kusurwar ya bi ɗaya bangon, an zagaye shi da igiya. A kusurwar teburan biyu sun haɗu. Nan ya ajiye fuskar, a kan teburinta na gaskiya, a ƙarshensa, tazarar tafin hannu tsakaninta da hannun wani kuturu. Allonta yana jikinta, da sunan ciwon daidai, da baƙaƙen da babu mai karanta su a Minagi sai likitan da ya zo da nunin. Shi kuwa likitan, shugaban 'yan sanda ya gayyace shi cin abincin rana.

Wata tsohuwa ce ta fara tsayawa. Ta matsa, ta ja baya, ta kamo hannun maƙwabciyarta.

"Ke, zo ki gani. Wannan ba maigidan farfajiya ba ne?"

"Rufa mana asiri!"

"Dubi girar. Dubi gashin nan na kumatu."

"Shi da ya ce kaki ne ya ƙone shi?"

Suka dubi fuskar, suka dubi igiyar, suka dubi hannun da ke gefe mai dungulmin yatsu. Tsohuwar ta juyo wajen mai farar riga da ke tsaye a jikin bango.

"Malam, me aka rubuta a nan?"

"Ni kaki nake narkawa, Inna. Likita ne mai karatu, kuma ya fita."

Kafin likitan ya gama cin kifinsa, layin ya kai bakin titi, kuma babu mai tsayawa a teburin haƙora.

Washegari da hantsi Sahei yana bayan zauren yana cusa tattakar ciyawa a akwatunan kaki, sai ga wani tsoho da ƙyalle a fuska, yana dogara sanda. Muryar ta ragu ƙwarai.

"Kai ne. Na gane ka. Ka ce kuna canzawa."

"Na ce haka al'adarmu take."

"Me na yi maka, bawan Allah? Ban san ka ba sai a asibiti."

"Sunana Sahei. Ƙanen Oshino."

"Wace Oshino?"

Sahei ya ci gaba da cusa tattaka. Ya ba shi lokaci. Sai da aka jima ya ji sandar ta faɗi, ya ji gwiwoyi sun taɓa ƙasa.

"Ma'aikatana ba su fito yau ba," in ji Bunzaemon. "Mai wanka ya aiko wai kada iyalina su zo. Ka fita ka gaya musu. Ka ce tunjere ne. Kai za su yarda da kai, farar riga gare ka. Don girman iyayenka."

"Iyayena suna binne a kan tudu, ka san inda suke. Ita ce ba ta nan." Ya ɗaure bakin akwati. "Ni ban ce kana da komai ba. Ban buɗe baki ba. In kana da magana, ga mutane can a ciki, murya gare ka."

"Yarinyar ba ta san komai ba."

"In ka fara, kada ka tsaya a rabi. Akwai maganar wasu hannaye."

Bunzaemon ya shiga zauren a cike. Aka buɗa masa hanya fiye da yadda yake bukata. Ya tsaya a kusurwar, ya kwance ƙyallen, fuskoki biyu suka jeru, ta kakin ta fi ta naman kyau. Ya ce ba kuturta ba ce. Ya faɗi sunan ciwon da harshen gari. Ya faɗi inda ya samo shi, a wani gidan mata na bakin tashar jiragen ruwa.

"Wane gida ne, Baba?" in ji wani saurayi daga baya. "Ka faɗa mana mu kauce masa!"

"Ko ka ba shi kwatance ne dai!" in ji wani.

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Tsohon ya dubi ƙofa, ya ga Sahei a tsaye, ya ci gaba. Ya ce 'yar masu kyandir da aka sallama shekarun baya, ƙurajen itace ne da ita. Ya ce ya sani tun a lokacin. Cinikin haikali yake so.

Akwai tsofaffi da yawa a wurin, kuma kusan kowannensu yana da ƙofar da ya rufe a wancan lokaci, ko kofin da ya taho da shi daga gida. Ba su gode masa da tunin ba. Likita ya zo ya karanta allon da ƙarfi, ya yi bayani, ya nuna bambancin ciwon nan da wancan. Suka gyaɗa kai cikin ladabi. A hanyar gida aka ji wani yana cewa, wane ne za a ba shi zaɓi tsakanin biyun bai zaɓi tunjere ba? Wani ya ce likitan ai a gidan manya ya ci abinci.

Ranar da za su tashi, Sahei shi kaɗai yana kwashe teburan, wata budurwa ta shigo. Ta rusuna yadda 'ya'yan manyan gida suke yi.

"Kai ne ƙanen matar?"

"Ni ne."

"Ni ce Fusae. An dawo da kayan baiko da safen nan. Sun ce ba wai sun yarda da maganar ba, amma suna da wasu 'ya'yan." Ta dubi kusurwar. "Ina so in tambaye ka, tun da ka san abin. Yana cikin jinina?"

"Babu komai a jininki."

"Na gode. Ko ni na fara shakka." Ta matsa kusa da fuskar. "Haka yake barci da rana, da bakin nan a ɗan karkace. Ka iya aikinka. Ka ba ni ita."

"Ta makaranta ce."

Ta sa hannu biyu ta ɗauki katakon, ta ɗaga shi daidai ƙirjinta. Sahei yana kusa da ita, taku ɗaya ne. Bai motsa ba. Ta saki katakon. Kaki ba ya ƙara sosai in ya fashe.

"Yanzu an biya?" in ji ta.

Ya ɗauko tsintsiya. Ta tsaya tana jiran amsa har ya gama sharewa, sa'an nan ta sake rusunawa, ta fita.

Da ya koma birni ya gaya wa babban likita cewa ɗaya ta fashe a hanya. Likitan ya dafe kai da ya ji wacce ce.

"Mazubin fa? Kada ka ce min ka fasa, irin na Genzo."

Genzo yakan fasa mazubin fuska ranar da ya gama da shi, Sahei ma haka yake yi.

"Yana nan," in ji shi.

"Madalla! Zuba wata. Kai, zuba da yawa, makarantun jinya suna ta roƙona irinta."

Ya zuba. Majinyacin ba ya nan balle a dubi launi, amma bai bukace shi ba. Gashin gira ya samo a wurin wanzami. Rabewar kuwa ba sai an tuna masa inda take ba.

Labarin Minagi ya riƙa zuwa jefi-jefi ta bakin masu kawo kaki. Farfajiyar ta ragu, ta rufe. Bunzaemon ya mutu a ɗakin baya. Fusae ba ta yi aure ba, tana koya wa yara ɗinki a wani gari inda ba a san sunan gidansu ba. Otane takan kawo labarin tare da abinci, ta ajiye su biyun a gabansa, ta tsaya ta ga wanne zai fara taɓawa.

Ɗalibai suka laƙaba wa fuskar suna, suna ce mata Kawu Ɗan Duniya. Kowace shekara sababbi su gaji sunan daga tsofaffi. In an kawo su ɗakin gilashi, sai wani ya rusuna mata ya ce, "Kawu, ya gajiyar jiya?" wani ya tambaye ta sunan unguwar, a yi ta dariya har malami ya buga tebur. Ɗakin Sahei yana ƙarshen barandar. Ranar da ake kawo sababbi, sai a ga ya bar tukunya a wuta, ya fito ya tsaya a bayan ƙofar, kansa a sunkuye, hannayensa a baya. Haka ya yi ta yi har bayan da idonsa ya daina ganin launi, aka ba wani ɗakin, shi kuma aka bar shi yana zuwa don ba wanda ya iya ce masa ya daina.

Wata shekara Otane ta biyo shi da laima don hadari ya haɗu. Ita ma ta tsufa, bakin ne kawai bai tsufa ba. Ta same shi a wurin, dariyar yaran tana fitowa ta ƙasan ƙofa.

"Mutumin nan ƙashinsa ya zama gari," in ji ta. "Yaran nan ba a haife su ba lokacin da ya mutu. Kai tsoho, har yanzu ba ka ƙoshi ba?"

Ya ɗaga mata hannu ta yi shiru, don wani a ciki ya fara wata sabuwar tsokana. Sai da ya ji ƙarshenta.

"Saura kaɗan," in ji shi.